Keken ɗinki ba ya warkar da ƙafa

Sarakunanmu, limamanmu, iyaye mata, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, da 'yan'uwa da kuka taho daga Bawku, Pusiga da Kulungugu, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Magana ɗaya ta kawo mu: mai naƙasa da ya samu sana'a, me zai faru da tallafin da yake karɓa?

Tun 2008 aka fara shirin LEAP a Ghana, ana ba gidajen talakawa kuɗi duk bayan wata biyu. Shekara da shekaru gida mai mutum ɗaya sidi 64 yake karɓa, sai a 2023 aka ninka zuwa 128, daga baya aka sake ƙarawa. Kuɗin ba yawa, amma shi ne sabulu, shi ne magani, kuma da shi ake samun katin inshorar lafiya kyauta. To amma ku duba sharaɗin. Wanda aka rubuta shi ne mai naƙasa mai tsanani wanda ba ya iya aikin da zai ciyar da kansa.

A gefe guda kuma akwai kason masu naƙasa cikin asusun majalisun gundumomi, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, aka ɗaga zuwa 3. Da shi ake raba keken ɗinki, firiza, injin niƙa da jarin tireda. Kun ga inda gizo ke saƙar? Hannun dama na gwamnati ya miƙa maka keke ya ce je ka nemi na kanka, hannun hagu ya ce sai wanda ba ya iya komai. Idan jami'ai suka zo tantancewa, gida suke dubawa: rufi, kayan ɗaki, abin da aka mallaka. Shi ya sa za ka ga firiza a ƙuryar ɗaki an lulluɓe da zane, ko an sayar da keke a rabin kuɗinsa. Kada wani ya ce lalaci ne. Lissafi ne, kuma lissafin mai hankali.

Domin cinikin bakin iyaka ba albashi ba ne. Yau kasuwar Sinkase ta ci, gobe sefa ta tashi ta cinye ribar. A Bawku kuwa kun fi kowa sanin yadda dokar hana fita take kashe kasuwa. Gurgun da ke dakon kaya da kekensa na hannu, in tayar ta fashe ko kafaɗa ta kumbura, mako guda ba ko sisi. Wa zai saki reshe ya kama ganye?

Ga matsayin jam'iyyarmu, kuma mun sa a takarda don ku riƙe mu da shi. Wanda ya fara sana'a ko ya samu aiki a bar masa tallafinsa cikakke na shekara guda. Bayan nan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da yake samu, ba a datse rana ɗaya ba. Kayan sana'ar da gunduma ta bayar kada a ƙirga su cikin dukiyar gida. In sana'ar ta karye, sunansa ya koma ba tare da sabon layi ba. Katin asibiti kuwa kada a taɓa shi sam, tunda naƙasar tana nan ko ana ciniki ko ba a yi. Dokar inshorar lafiya ta 2012 ta riga ta ba ministan jin daɗin jama'a ikon ware masu naƙasa da za a yafe wa kuɗin. Alƙalami kawai ake jira.

Kafin nan, akwai haƙƙin da yake hannunku tun yanzu, ba alfarmar kowa ba. Dokar masu naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ta yi tanadin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauki mai naƙasa aiki. Ku gaya wa mai gidan mai da mai makaranta, da yawa ba su taɓa ji ba. Kai ma mai aikin, dokar haraji ta yafe maka haraji a kan kashi 25 cikin 100 na abin da ka samu, amma sai ka nema. Wanda yake karɓar fanshon naƙasa na SSNIT, nasa daban ne: kwamitin likitoci ne yake yanke hukunci ko ya warke, don haka ya je ofishinsu ya tambaya kafin ya sa hannu a takardar aiki.

Kuma duk wanda gunduma ta ba kaya, ya adana takardar da aka ba shi tare da katinsa na e-zwich. Ranar tantancewa ita ce shaidarka.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tsayar da shi a gaban jama'a ku tambaye shi: in na buɗe shago gobe, wata nawa za ka bar mini tallafina? Ya faɗi adadi.