Malami Mai Tsanani Daban, Azzalumi Daban

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan uwa da ya jima da kammala jami'a ya gabatar wa 'yan uwa ɗalibai da suka dawo hutu.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), mai jawabin ya fara da cewa da wuya ɗalibi ya shiga jami'a ya fito bai gamu da lakcaran da ake shakka ba. Ya ce in kwas ɗin na zaɓi ne, da sauƙi, sai ka ɗauki wani ka huta. To amma in na tilas ne, kamar darasin amfani da Turanci, ko lissafin shekarar farko ga 'yan kimiyya, babu hanyar kaucewa. Ko ka kai shekarar ƙarshe yana nan yana jiran ka, kuma sau da yawa malamin da ka guje wa shi ɗin dai za ka sake tararwa.

Daga nan sai ya yi wa 'yan uwa lissafi. Ya ce tun ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar a 1989, tsarin yunit ya zama gama-gari. A tsarin maki biyar, A tana da 5, B tana da 4, F kuwa sifili ce. Ɗalibin da ya yi rajistar yunit 18 ya ci B a dukkansu, matsakaicinsa 4.00 ne. Amma in ya faɗi kwas ɗaya tak mai yunit 3, sai ya sauko 3.33, ga kuma kariyoba da zai ɗauka ya haɗa da nauyin baɗi. "Ka yi fushi da malami ka daina shiga aji, shi albashinsa bai ragu da ko kwabo ba. Kai ne za ka ƙara shekara, mahaifinka ya sake biyan kuɗin rajista."

Ya ce abu na farko shi ne ɗan uwa ya tsaya ya bambance tsakanin malami mai tsanani da azzalumi, domin mafi yawan waɗanda ɗalibai ke kira mugaye masu tsanani ne kawai. Wanda yake rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai, ko ya ƙi karɓar aikin gida bayan wa'adi, ko ya ƙi ba da maki ga hadda, bai zalunci kowa ba. Ya tunatar da waɗanda suka yi Islamiyya cewa a cikin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji an ware fasali guda a kan girmama ilimi da ma'abotansa. Ya ce abin mamaki, ɗan uwan da zai durƙusa a zaure ya jure faɗan malaminsa, da ya shiga ɗakin lakca sai ka ga ya zama mai saurin fushi, alhali ladabin neman sani ɗaya ne.

Shi irin wannan malami, in ji shi, karantar sa ake yi kamar yadda ake karanta littafi. A riga shi zuwa aji, a zauna gaba, domin a ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai na baya ba ya jin komai sai hayaniya. A sa hannu a takardar halarta da kai, kar a aiki aboki, don jami'o'i da yawa suna shardanta halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa. A nemi tambayoyin shekarun baya a ga inda ya fi maimaitawa, a tambayi na gaba yadda yake son amsa, doguwa ko gajera. Ya fi tsawaita magana a kan gwaji da aikin gida, waɗanda galibi ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Ya ce wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da 25 a aljihu ba ɗaya yake da wanda ya shiga da 8 ba, kuma irin wannan malamin ya saba ba da gwajin ba-zata a ranar da ya ga aji ya yi ƙaranci.

Ya kuma gargaɗi masu son gyara wa malami kuskure a gaban jama'a. Ko kai ne da gaskiya, in ji shi, ka bari a tashi, ka same shi a ofis da littafinka a hannu, ka kawo maganar a matsayin tambaya.

Game da azzalumi kuwa, wanda ke tilasta sayen takardunsa, ko ya nemi kuɗi kafin ya ba da maki, ko ya matsa wa 'yan mata, ya ce wannan ba wurin yin shiru ba ne, kuma bai halatta ɗan uwa ya biya ba. Sai dai ba a tunkarar sa da zagi ko jita-jita. A adana takardun gwaji da aka mayar, a rubuta rana da abin da ya faru, a samu shaidu. A fara da malamin da ke kula da ajinku, sannan shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya, kuma koken ya zama a rubuce, da sa hannun mutane da yawa, a riƙe kwafi. In cin hanci ne, hukumar ICPC da aka kafa a shekarar 2000 tana karɓar irin wannan ƙorafi. Wanda kuma ya tabbata an danne masa maki yana iya neman a sake duba takardarsa, amma ana biyan kuɗi, akwai wa'adi, kuma ya sani wani malamin ne daban zai duba, ba ruwansa da tausayi.

Da aka zo tambayoyi, wani ɗan uwa ya ce malaminsu yana jan lakca ranar Juma'a har ta kusa cin lokacin salla. Mai jawabin ya ce kar a bari sai ranar ta zo a fice masa daga aji da hayaniya. Tun makon farko a tura wakilin aji da mutum biyu masu natsuwa su same shi, su je da wani lokacin da suka riga suka tabbatar ɗakin ba kowa. In ya ƙi, sai a kai maganar ga mai tsara jadawalin darussa na sashen.