ABINCIN TAMOWA MAGANI NE, BA HAJAR KASUWA BA

Jawabin yau ya shafi ɗan ƙunshin nan da ake ba yara kyauta a asibitoci da ɗakunan shan magani, watau abincin tamowa: asalinsa, da amfaninsa, da abin da ya wajaba a kan kowa game da shi.

Tamowa ciwo ne da ke kama yaro idan bai sami isasshen abinci mai gina jiki ba, ko kuwa gudawa da ƙyanda da zazzaɓi suka tsotse ɗan abin da ya samu. Wani yaron yakan rame har haƙarƙarinsa su fito, wani kuwa ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan ma'auni mai launi uku. In awon ya kasa santimita 11 da rabi, ya faɗa kan ja ke nan, ran yaron yana cikin haɗari.

A da, irin wannan yaro sai an kwantar da shi asibiti ana dama masa madara ta musamman. Ga ƙarancin gadaje, ga wuyar ruwa mai tsabta, uwa kuma ba ta iya barin gida da gona har makonni. A shekarar 1996 wani likitan yara na ƙasar Faransa, André Briend, da kamfanin Nutriset suka haɗa niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, suka zuba a ƙunshi mai nauyin giram 92. Ba a dafa shi, ba a sa masa ruwa, saboda haka uwa tana iya ba ɗanta a gida.

An ga amfaninsa a fili lokacin yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma yawancinsu ba su kwana asibiti ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na UNICEF da Shirin Abinci na Duniya suka amince da wannan hanya ta jinya a gida. Nijeriya ta soma aiki da ita a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi, daga nan ta bazu zuwa wasu jihohi.

To, amma taimakon ƙasashen waje ba abin dogaro ne har abada ba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen ma suka rage abin da suke bayarwa. A watan Yuli na shekarar, Shirin Abinci na Duniya ya yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai sa a rufe wuraren jinyar tamowa fiye da 150 a Borno da Yobe. Don haka kowane ƙunshi yana da daraja.

Duk da haka akan ga wannan abinci a kasuwa ana sayarwa, akan kuma raba shi ga yaran gida masu lafiya, har manya su sa baki. Adadin da aka ba uwa an lissafta shi ne bisa nauyin ɗanta, don ya warke cikin mako 6 zuwa 8. Wanda ya sayar, da wanda ya saya, da ma'aikacin da ya karkatar, duk da ran yaro suke ciniki.

Abin da ake bukata ga jama'a shi ne:

1. A kai yaro awo da zarar an ga rama ko kumburi. In ya ƙi cin abinci sam, a gaggauta kai shi asibiti.
2. A ba shi ƙunshinsa shi kaɗai, da ruwa mai tsabta, a ci gaba da ba shi nono.
3. A koma kowane mako, ko da an ga ya murmure, har sai ma'aikaci ya sallame shi.
4. Dagatai da masu unguwanni su hana cinikinsa a kasuwanninsu.

Daga ƙarshe, a tuna cewa gyaɗar da ke cikin ƙunshin nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ta taɓa tara dalar gyaɗa a Kano. Nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan kunun gero da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai da zogale da wake, su ne ke tsare yaro daga ciwon tun farko. Maigidan da ya sayar da gyaɗarsa duka da kaka, bai rage ta kunun yara ba, lalle ya sake tunani. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.