Wa ya ba ka izini? Labarin Baiq Nuril da dokar leƙe a Indonesiya

Yau Indonesiya za mu je, kuma da labarin wata mata za mu fara.

Sunanta Baiq Nuril, ma'aikaciya ce a wata makarantar sakandare a birnin Mataram, tsibirin Lombok. Shugaban makarantar ya riƙa kiranta a waya yana yi mata maganganun batsa. Da abin ya ishe ta, sai ta naɗi muryarsa don ta samu hujja. Daga baya wani abokin aikinta ya yaɗa muryar, ba ita ba. To kun san wa aka gurfanar? Ita. Shugaban ya kai ta ƙara a ƙarƙashin dokar harkokin intanet ta shekarar 2008, wadda suke kira ITE. Kotun farko ta wanke ta a 2017, amma a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke mata ɗaurin wata shida da tarar rupiya miliyan 500. Sai da jama'a suka yi ca, sannan a 2019 shugaban ƙasa Joko Widodo ya yi mata afuwa, da amincewar majalisa.

Ku lura da inda matsalar take. Tsohuwar dokar abu ɗaya take dubawa: shin akwai batsa a cikin abin da aka yaɗa? Ba ta damu da wanda aka cuta ba, ko wanda aka ɗauka bai sani ba. Shi ya sa mace a can, idan aka ɗauke ta a ɓoye bidiyon ya bazu, sai ta ji tsoron zuwa wurin 'yan sanda. Ga dokar hana batsa ta 2008 tana nan, tana gudun kada ta je neman haƙƙi a mayar da ita mai laifi. Sai ta yi shiru, mai leƙen kuma ya ci bulus.

Kuma leƙen nan ba abin wasa ba ne. Ɗalibai da ma'aikata da yawa a biranen Indonesiya suna zaune a ɗakunan haya da ake kira kos, wani wurin banɗaki ɗaya ake rabawa. Mutum ya ɗaga waya ta saman katanga, ko ya maƙale ta a wata kafa, shi ke nan.

Hukumar kare mata ta ƙasar, Komnas Perempuan, da ƙungiyoyin mata sun shafe kusan shekara goma suna neman gyara. A watan Afrilun 2022 majalisa ta zartar da doka mai lamba 12 kan cin zarafi ta hanyar lalata. Sashe na 14 ya ce duk wanda ya ɗauki hoto ko bidiyon tsiraicin wani ba da yardarsa ba, ko ya tura wa wani irin wannan abu alhali ba ya so, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara huɗu, ko tarar da ta kai rupiya miliyan 200, ko duka biyun. Kun ga yanzu tambayar ta koma kan yarda.

Amma fa doka ba ta gama aikin ba. Har gobe, idan irin wannan bidiyo ya fita, za ka ga mutane a ƙasan rubutu suna roƙon a turo musu. Wallahi a nan ne nake so mu tsaya. Mai ɗauka mutum ɗaya ne, masu turawa dubbai. Ita kuwa yarinyar, duk wanda ya buɗe, an sake leƙa ta.

Mafi yawan mutanen Indonesiya Musulmi ne kamar yawancinmu. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani. To wayar mutum da jikinsa fa? Ai sun fi zaure buƙatar sallama.

Don haka idan aka turo maka, ɗan'uwa, kada ka buɗe, kada ka tura. Ka goge, ka kuma gaya wa wanda ya turo cewa bai kyauta ba.

Ku rubuto mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.