Motar da ke tashi yau ta ƙi gobe: a auna kafin a saya

Iyayena masu gareji, yayyena direbobi, ƙannena masu koyon aiki, sannunku da zuwa. Na san kowa aikinsa ya baro, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Maganar da aka ba ni ita ce ta tsohuwar motar da ke aiki da isansi da gas duka biyu. Za ta tashi lafiya lau kwana uku, ran na huɗu ta ƙi, in an ja ta zuwa gareji kuma ta tashi gaban makanike kamar ba ita ba. Da yawansu sun gama wahala a Turai, wasu da tukunyar gas ɗinsu suka zo, wasu daga baya aka haɗa musu. Kar mu raina abin. A ƙauyukanmu da yawa, motar haya guda ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Shi kuma mai motar, duk ranar da ta kwana gareji, gidansa ba cefane.

Abin da nake so mu tafi da shi guda ne: kar a sayi kaya sai an auna. Na san wani maƙwabcinmu da aka sa ya canza batir, ya canza buji, ya canza famfon mai, mota na nan da halinta. Ƙarshenta waya ce guda da aka murɗa da hannu aka naɗe da roba. Kuɗin da ya zubar ya isa buhunan hatsi.

Aikin farko na direba ne, tunda shi ke wurin sa'ad da ta ƙi. Yayana, ka ajiye ƴar takarda a mota. Duk ranar da ta ƙi, ka rubuta: da safe ne inji na sanyi, ko bayan doguwar tafiya? A kan gas ka kashe ta ko a kan isansi? Mai nawa ke tanki? Inji ya juya ko bai juya ba? Rubutu biyar irin wannan ya fi wa makanike amfani da ka ce masa "wani lokaci tana ƙi".

To, in ka murɗa makulli inji bai juya ba, ko ka ji ƙas kaɗai, gas ba ruwansa. Wuta ce. A sa mita kan batir: mai lafiya da ya huta yana ba da wajen volt 12.6, in ana tada inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba, in inji na aiki kuma a ga kusan 14. Batir na iya zama garau amma kawunansa sun yi farin gishiri, ko wayar mas da ke haɗa inji da jikin mota ta saki. Yau ta taɓa, gobe gargada ta girgiza ta. Gogewa da ɗaurewa kaɗai take so.

In kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, nan ne halin motar gas yake fitowa. Galibin masu injekta da isansi suke tashi. Gas yana zaune ne a tukunya kamar ruwa, sai ya bi ta detander, inda ruwan zafin inji ke mai da shi tururi. Sai ruwan ya kai wajen digiri 30 zuwa 40 motar ke komawa gas da kanta. Kun ga ke nan, mai cewa "ni gas nake sha, me zan yi da isansi" yana cutar kansa. Famfon mai cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Ka bar tanki kusan ƙaf wata da watanni, famfo ya gaji, ɗan man da ya rage ya tsufa ya yi danƙo, injekta su toshe. Kan hanya ba za ka gane ba tunda gas ke jan ka. Sai wajen tashi asiri ke tonuwa.

Gwajin ba ya cin ko dala. Ka buɗe makulli ba tare da ka tada ba, ka kasa kunne wajen tanki. Famfo zai yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Ranar da ta ƙi, in ba ka ji shi ba, kafin a ce famfo ya mutu a musanya rile ɗinsa da wani irinsa, a duba fis da wayarsa. Tsohon rile yakan tsage ciki, ya yi aiki da sanyi ya ƙi da zafi.

Zafi ma shaida ne. Mu da ke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, in mota na ƙin tashi bayan tafiya, ta huce kuma ta tashi, a tuhumi na'urar da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji na juyawa. In ta yi shiru, ba wutar buji, ba feshin mai. A motoci da yawa allurar juyin inji takan ɗan motsa sa'ad da ake tadawa, in ta kwanta shiru ranar, kun sami bakin zare. Buji da bobin ma a duba, domin gas ya fi isansi wuyar kunnawa, wuta mai rauni ba ta ɗaukarsa.

Saura ɓangaren gas kansa. Mai haɗa gas dole ya yanka wayoyin injektan isansi ya bi da su ta akwatin gas, don a tsai da mai in an koma gas. In mahaɗin nan ya saki, ranar isansi ba zai fesa ba ko da famfo sabo ne. Da inji na aiki a kan isansi, a girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya, in ya yi tuntuɓe, ga wurin. Akwai kuma injektan gas ko fatar cikin detander da ke yoyo bayan an kashe mota, gas ya cika bututun iska, inji ya shaƙe. Don a raba gardama, a rufe bawul ɗin tukunya, a yi mako guda kan isansi zalla. In cutar ta ɓace, an san unguwar da take.

Nan zan roƙe ku da girman Allah. In kun ji warin gas, kar a murɗa makulli, kar a kunna ashana ko sigari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, cikin ramin gareji da bayan mota. Da ruwan sabulu ake neman yoyo, inda ya yi kumfa nan ne. Tukunyar mota tana da bawul da ke tsai da cikawa a kashi 80 cikin 100, don gas ya sami wurin kumbura in rana ta yi zafi. Kwalbar girki da tiyon roba ba su da gurbi a motar da ke ɗaukar mutane.

Iyayena makanikai, ba raina iliminku nake ba, hannunku ya san abin da ba a koyarwa a jami'a. Roƙona, ku koya wa yara riƙe mita kamar yadda kuka koya musu riƙe sufana, sabon kaya ya zama shi ne na ƙarshe. Ku kuma direbobi, haƙƙinku ne ku tambaya cikin ladabi: maigida, me aka auna, me ya nuna? In an canza abu, ku karɓi tsohon. Ku riƙa barin aƙalla rubu'in tanki da mai, ku kuma yi ƴar tafiya kan isansi kowane mako.

Wanda ke da mota mai irin wannan hali, ya fara rubutun nan daga yau, zama na gaba ya zo da takardarsa mu duba tare da iyayenmu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a.