Ƙaurar da Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Kwamfutar Kwaikwayo



Akan sami tsohuwar kwamfuta a ofis wadda lissafin albashi duka yake cikinta, manhajar kuwa ba ta aiki sai a kan Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2014. Ran da ƙarfen ya mutu, albashi ya tsaya. Dabarar ita ce a kwafe faifan ajiyarta ɗungurungum ya zama fayil guda, sa'an nan a ɗora shi a kan kwamfutar kwaikwayo, watau wadda manhaja ce zalla, tana zaune cikin wata sabuwa. Ba yau aka fara irin wannan kwaikwayo ba, gama IBM ya fitar da VM/370 tun 1972.

Kwafar ba ta da wuya, ƙaramar manhaja irin Disk2vhd ma takan yi ta. Tayar da ita shi ne jan aiki. Windows ta saba da na'urar da ke sarrafa faifai a tsohon gidanta. In ta farka ta tarar da baƙuwa, sai ta cije, allo ya yi shuɗi. Saboda haka gara a sanya mata direban sabuwar na'urar tun kafin a kwafa. Tsohon ƙarfen kuma kada a taɓa shi sai an biya albashin wata guda daga sabon mazaunin.