Adana Littattafan Muhawarar Malamai a Ƙasar Gwandu



A Ingila, tsakanin 1640 da 1661, lokacin da ƙasar take cikin yaƙin basasa da gardamar addini, wani mai sayar da littattafai a London, George Thomason, ya riƙa tsince kowace ƙasida da ɓangarorin biyu suka buga, har ya tara kimanin 22,000. Bai ware wadda ta dace da ra'ayinsa ba. Ga su nan a British Library, masu nazarin wannan zamani kuwa ba su iya wuce su.

Ƙasarmu ma tana da irin wannan gado, sai dai alƙalami ne ya haife shi, ba maɗaba'a ba. Shugabannin jihadi sun yi muhawara da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙar Barno. Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, bai kuwa share hujjar abokin gardamarsa ba. Haka nan Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya saɓa wa yayansa Shehu Usmanu a kan sarautu da kaɗe-kaɗe, kowa ya bayyana dalilinsa a rubuce. Watau wanda ya mallaki littafin ɗaya ya rasa na ɗayan, rabin zance ya ji, mai jin rabin zance kuwa ba ya yanke hukunci.

An fara ƙoƙarin tattarawa. An buga Infaƙu a London a 1951, an buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963. Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, Waziri Junaidu kuma ya bar taska mai daraja a Sakkwato. Amma aikin ya fi ƙarfi a manyan birane.

To, ina labarin garuruwa kamar Zagga da Bagudo da Illo? Ƙasa ce ta bakin Kwara da iyakar Benin, wadda fatake da almajirai suka daɗe suna ratsawa, littafi kuwa tare da mai shi yake tafiya. Abokan gabar gafaka uku ne: gara, ambaliya, da rabon gado, inda akan yayyaga littafi guda a bai wa kowane magaji 'yan warƙoƙi.

Saboda haka ɗalibin da ya koma gida hutu ya nemi izinin dattawa, ya rubuta sunan littafi, da mawallafi, da wanda ya kwafa, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya bar asalin a hannun masu shi. Ma'aikaci kuma ya tabbatar an sa kuɗin wannan aiki cikin kasafi. Kada a raina littafi don ba a yarda da abin da ya ƙunsa ba. Bello kansa bai yi haka ba.

Allah ya jiƙan magabata. Wassalam.