ICCEN TENERE: JIYA DA YAU

Jawabi domin ɗaliban karatun manya na Bonkuku da garuruwan Imanan

Zancen yau na wani icce ne guda, wanda sunansa ya kai ko'ina cikin duniya: Iccen Tenere.

Tenere babbar hamada ce a gabas da Agadas. Babu gona, babu inuwa, sai rairayi. A tsakiyar wannan rairayi wani kandili ya tsaya shi kaɗai, bisa hanyar da ayari ke bi zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino.

Ga Abzinawa masu ayari, iccen nan alamar hanya ne. Madugu in ya hango shi, ya san bai ɓace ba. Raƙuma dubbai suna wucewa kowace shekara, amma ba a bari su cinye ganyensa. Ana sanyi, ana son wutar shayi, amma ba mai karya reshe. Kowa ya san in iccen ya tafi, na baya ne za su sha wuya.

A 1938 zuwa 1939 aka gina rijiya kusa da shi. Masu ginar suka iske saiwarsa ta nutsa fiye da metir 30 tana biɗar ruwa. Nan aka gane asirin rayuwarsa. Turawa suka sa shi cikin taswira, kamar yadda ake sa gari.

Sai motoci suka shigo hamada. Kafin 1959 wata mota ta karya masa sashe guda. A 1973 wata babbar mota ta banke shi, ya faɗi. Abin da iska da rana da raƙuma suka ƙyale shekaru da yawa, direba guda ya kashe shi rana ɗaya, a fili wanda ba shi da iyaka.

Ran 8 ga Nuwamba 1973 aka kai gawar iccen Yamai, gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa, wanda yau ake kira da sunan Bubu Hama. Aka yi masa rumfa. A 1974 gidan waya ya buga hotonsa bisa tambur. A gurbinsa cikin Tenere aka kafa iccen ƙarfe. Yana nuna hanya, amma ba ya toho, ba ya ba tsuntsu abinci.

Shekarar da ya faɗi, shekarar babban fari ce. Bisashe sun mutu, mutane sun watse. Don haka ma'anarsa ta sake. Da alamar hanya ne ga matafiyi, yanzu ya zama gargaɗi ga ƙasa duka. Tun 1975, ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar.

Mine ne rabon Imanan cikin wannan zance? A Dallol Boso ruwa yana kusa, ba sai saiwa ta yi metir 30 ba. Duk da haka gawo da goriba suna raguwa inda gatari ya yi yawa. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, ya taki gona, 'ya'yansa su ƙosar da bisashe da rani. Manoman jihar Maraɗi, tun bayan farin 1984, suna barin tohon itatuwa lokacin sassabe, su rage rassa, su bar biyu ko uku su girma. Gonakinsu sun sake yin inuwa.

Ku duba gonakinku bana. Ku ƙidaya gawon da ke ciki, ku rubuta adadin cikin littafinku. Baɗi ku sake ƙidayawa, ku kawo wa malami lissafin. Ku ja kunnen yara masu kiwo kada su sare kan ƙaramin icce.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.